Tsinken da Ban Ɗaga Ba

A Malanbil ɗin da na tashi a ciki, in kana neman samari bayan la'asar, ƙasa za ka duba. Suna tsugune a bakin rumfunan albasa, gwiwa da gwiwa, sun haƙa ramuka a rairayi, wannan na riƙe da tsinkaye, wancan na riƙe da tsakuwa, wasu goma na tsaye a kansu suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Yau in kana neman su sai ka bi ƙarar injin wuta. Za ta kai ka wani ɗaki mai labule a bayan tashar kabu-kabu, ka tarar da su jere a kan benci kamar masu jiran allura, baki buɗe, ido a kan tele, manyan yatsu biyu kaɗai ke motsi a jikin mutum. Wai wasa suke yi. Na ga wasanni a ƙasashe da dama, amma ban taɓa ganin wanda ake yi da fuskar zaman makoki ba sai wannan.

Ni ɗan Garu ne. Ubana masunci ne, uwata 'yar Dandi, saboda haka da Dandanci ake yi mini faɗa a gida, da Hausa ake yi mini a kasuwa. Abin da kunnena ya fara sani shi ne bugun filafili a gefen jirgi da sassafe, da sussukar shinkafa daga wannan gida zuwa wancan, da ƙarar gwangwanayen da muke ja da igiya don korar tsuntsaye a fadama. Yaro ba ya rasa aiki a lokacin. Ka kori tsuntsu, ka tsince ciyawa daga komar kamun kifi, ka juya kifi a kan banda har hayaƙi ya mai da idonka ja, ka ɗauki tuwo ka kai gona. Wasa shi ne abin da ya rage bayan aiki, shi ya sa yake da daɗi. Muna langa, muna kokawa a rairayin bakin gulbi, muna nutso mu ga wa zai fi daɗewa. Amma waɗannan duk na yara ne. Ranar da aka bar ka ka tsuguna a gaban dara tare da masu gemu, ranar ka fara zama mutum.

Ga wanda bai sani ba, dara ba ta da wuyar faɗi. Ramuka talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya da tsinke ɗaya da tsakuwa. Ku yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a fara tafiya. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin wasansa. Dandawa na ce mata dili. Babbar dokarta kuwa ba a rubuce take ba: in yatsunka suka saki tsinke, ya zauna. Ko ka ga kuskurenka tun hannunka bai koma gwiwa ba, ya zauna. Kuma wanda aka cinye shi ke tattara tsinkaye, ya gyara ramukan da suka rufta, ya shirya wa wanda zai hau gurbinsa, duk a tsugune, jama'a na yi masa tsiya. Za a tambaye ka ko an yaye ka. Za a ce a miƙo maka taɓarya ka koma cikin gida. Ba ka da ikon tashi sai ka gama, ba ka da ikon ɗaure fuska.

A nan na fara koyon harsuna, in gaskiya ake so. Wani Bafulatanin Tumbutu da ya kawo shanu ya cinye ni, ya zage ni da Fulatanci, na riƙe zagin a kaina na kai wa wani ya fassara mini, kasuwa ta zagayo na mayar masa da abinsa har da ƙari. Daga baya hanya ta ƙara mini Yarbanci da Fon, da ɗan abin da ake ciniki da shi a Kumasi, da Faransancin da ke isa a yi gardama da ɗan duwan, wato ɗan kwastan. Kowanne a bakin mutum mai numfashi na same shi, yawanci yana yi mini dariya. 'Ya'yan yanzu fa? Ka tsaya ka saurare su a bakin gada. Kalma biyu ta Hausa, ɗaya ta Dandanci, uku na Faransancin tele, sai wani ihu da suka ɗauko daga waƙar salula wanda su kansu ba su san ma'anarsa ba. Ba harshe ɗaya da suka riƙe har ya ishe su yi wa mutum ba'a mai shiga jiki. Zaginsu ma aro ne. Rigunansu na ɗauke da sunayen 'yan ƙwallon da ba su san akwai gulbi a nan ba, askinsu kamar akuya ce ta fara ci ta ƙoshi a rabi, wando kuma sabo ake saye da yagarsa. Na ga talauci a garuruwa da yawa, amma sai a zamanin nan na ga ana sayen kamanninsa a kanti.

Waƙa ma haka. Da, makaɗin kokawa ya san kakanka, ya san shekarar da ubanka ya sha kaye, in ka yi wasa ya saka a baiti gari ya ɗauka. Dole ka kiyaye, don ganga na ganinka. Yanzu kowa ya toshe kunne da igiya yana gyaɗa kai shi kaɗai, mai waƙar na can wata duniya, bai san an haife ka ba.

Gemuna bai gama fitowa ba na bar kamun kifi na shigo gari ɗaukar buhu a rumfar wani Bakabe, mutumin wajen Kamba, wanda albasarsa ke zuwa har Kwatano. Tsoho ne siriri mai ƙaramar murya, ban taɓa jin ya yi tsawa ba. A lokacin ba salula. In ka ɗora wa mutum kaya, mota ta kai shi Paraku, jirgin ƙasa ya kai shi bakin teku, ba ka da labarinsa sai ranar da ya dawo, in ya dawo. Albasa kuma ba ta jira. In rana ta same ta a tsaye sai ta fara ruwa. Don haka mai rakiyar kaya shi ne komai. Duk mai ɗaukar buhu a kasuwar nan burinsa ke nan, a wayi gari a ce masa hau.

Wata rana mai rakiyarsa ya faɗo daga mota ya karye, ga kaya an ɗinke. Tsohon bai ce yana neman kowa ba. Bayan la'asar dai ya fito da tsakuwoyinsa a wata 'yar jakar fata, ya kira wani abokin aikina, ƙato da ya fi ni ƙarfi ya kuma fi ni iya dara. Suka buga, ƙaton ya cinye shi, muka yi ta mamaki. Washegari ya kira ni.

Mun dasa, mun fara tafiya, ina ganin kaina daidai. Sai na kai tsinke wani rami na gefe, na saki. Ban gama janye hannu ba na ga abin da na yi: na buɗe masa hanyar da zai riƙa shiga yana fita yana ci, abin da 'yan dara ke kira doki. A daidai nan tsohon ya ce, “Af, ga mutumen Gaya can, bari in gaisa da shi.” Ya miƙe, ya ba ni baya, ya tafi har bakin hanya. Masu kallo ma kowa ya sami abin dubawa, wannan na gyara takalmi, wancan na kallon sama. Tsinken na nan, rami ɗaya tsakaninsa da inda ya kamata ya zauna.

Ba zan yi ƙarya da furfura ba. Ba tsoron Allah ne ya fara zuwa mini ba. Ubana ne na tuna, ranar da na ja tsakuwa baya ina yaro, ya tsula mini igiyar koma a yatsu ya ce, “Ka aje, ka aje. Gobe ka duba kahin ka saki.” Yatsun nan suka ƙi tashi daga gwiwata. Tsohon ya dawo, ya tsuguna, ya daɗe yana duban ramukan, sannan ya hau dokinsa ya cinye ni ɗaya bayan ɗaya, bai bar mini ko na rufin asiri ba. Jama'a suka sauko mini da harsuna uku. Wani ya ce ai ɗan masunta ne, a ba shi ƙugiya ko zai kamo tsinke guda. Na tattara, na gyara ramuka, ina dariyar da ba ta kai ciki ba. Ina cikin haka tsohon ya ce, bai ko dube ni ba, “Kana da wata riga ban da wagga?” Na ce akwai. Ya ce, “Wanke ta. Jibi za ka Kwatano.”

Sai da na yi shekaru a hannunsa na gane babu wani mutumin Gaya. Haka yake yi wa kowa, haka ubansa ya yi, haka manyan 'yan albasa na lokacin ke yi: a jira ka yi kuskure, a ba ka baya, a ga abin da za ka yi da shi. Ƙaton nan matsar da tsinke ya yi, tsohon ya gani ya bar shi ya ci. Ya ci darar, ya ci gaba da ɗaukar buhu har bayansa ya lanƙwashe. Ni kuwa a tafiyata ta uku na lulluɓe kaya da tampol don tsoron hadari, hadarin bai zo ba, rana ta dafa buhunan sama. Ina iya cewa 'yan duwan ne suka tsare mu, wa zai ƙaryata? Na dawo na faɗi yadda aka yi. Tsohon ya ce, “To, yanzu ka san tampol,” ya sake ɗora mini. Daga wannan tsinke na ga Lome da Kumasi da Yamai, na yi aure, na gina gidan da nake zaune.

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance jikana ne, ɗan ɗana na fari. Ya gama lakwal, wato makarantar boko, ko lakwal ta gama da shi, gemu ya fara tsiro, ba gona, ba jirgi, ba kasuwa. Ubansa ya gaji da magana. Ni kuma na ji Alhaji, ɗan tsohon maigidan nan nawa, wanda ya gaji rumfar muka kuma tsufa tare, yana neman wanda zai riƙa bin kamyonsa zuwa kudu. Na ƙudura a raina yaron nan zai hau motar nan, ya ga duniya da idonsa yadda na gani, ko ya dawo mutum. Na fita nemansa, aka nuna mini ɗakin labule.

Zafi da warin ƙafa suka tare ni. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Na sake, mai ɗakin ya ɗaga mini haɓa. Tele huɗu a jikin bango. A wasu ana ƙwallo, wani Bature da ba a gani yana ta ihu. A ta ƙarshe ga jikana, yana juya wani soja mai bindiga cikin kango. Na tsaya a bayansa. Ba a jima ba aka harbe sojan, jini ya rufe allon, ya faɗi.

Na ce, “To, Allah shi jiƙan shi. Tashi mu tahi.”

“Kaka, kai ne? Tsaya kaɗan.” Ya danna wani abu. Sojan ya miƙe, rigarsa ko ƙura babu, ya ci gaba da gudu.

“Ba yanzu anka kashe shi ba?”

“An kashe shi. Ina da sauran rai biyu.”

“In sun ƙare fa?”

“Sai in sake daga farko.”

“Wa ke gyara wuri in an cinye ka?”

Ya juyo ya dube ni kamar na yi masa Yarbanci. “Wane wuri, tsoho? Kai dai ka tsufa. Ka bar mini matarka ka huta.”

“Matata ba ta auren wanda ake kashewa sau uku kahin la'asar.”

Na gefensa ya yi 'yar dariya bai ɗauke ido daga tele ba. Ita ce kaɗai ba'ar da na ji a ɗakin nan, kuma ni na shigo da ita.

Na ga masu karta a tashar Kumasi da wuƙa a ƙugu, na ga Yarbawa na zuba 'ya'yan itace a ramukan katako har su manta da abinci. Komai lalacewar wasa, akwai mutum a gabanka, akwai abin da za ka rasa, ko da mutuncin fuskarka ne. Wannan kuwa an ƙera shi ne don kada kowa ya ji ciwo. Ka mutu ka tashi, ka ɓata ka goge, injin ba ya tuna maka, ba ya gaya wa kowa. Yaro ya wuni yana cin garuruwa da babban yatsa, ya fito rana ta kashe masa ido, bai iya ɗinke bakin buhu ba. Masu kare abin na cewa yana kaifafa ƙwaƙwalwa. Mai yiwuwa ne. Ni dai ban ga abin da aka yanka da kaifin ba.

Kwana bakwai na zaunar da shi a ƙofar gida ina koya masa dara. Ba zan hana shi nasa ba, kansa na ja. A kwana na uku ya fara hango doki kafin in gama shirya shi, a na biyar ya cinye ni sau ɗaya, kakarsa na leƙe ta zaure tana yi mini gwalo. Dokar saki na gaya masa, ya ce ya ji. Amma sau da yawa in wasa ya juya masa sai ya ce mu sake, ni kuma in ƙyale, don jika ne, don ina so ya iya da wuri. Wannan laifina ne, na ɗauka. Abin da ban gaya masa ba shi ne zancen juya baya. Sau biyu maganar ta zo mini har baki. Sai dai wanda aka gaya wa ba a gwada shi ba, kuma Alhaji zai ɗora masa dukiyar mutane ne bisa yardar cewa ban gaya ba. Na haɗiye.

Washegarin kasuwa bayan la'asar muka je. Alhaji ya sa aka share gefen rumfa, masu ɗaukar buhu suka taru, tsofaffi uku da suka san abin da ake ciki suka matso da kujerunsu. Jikana ya gaida Alhaji a tsaye, hannu ɗaya a aljihu. Na taka masa ƙafa ya tsuguna. Suka dasa. Yaron ya yi kyau da farko, har ɗaya daga cikin tsofaffin ya dube ni ya gyaɗa kai. Sai ya yi gaggawa, ya kai tsinke inda bai kamata ba, ya saki. Na ga fuskarsa ta canza, na san ya gani. Alhaji ya laluba aljihu ya fito da salular da ba ta yi ƙara ba, ya ce, “Alo? Ina jin ka,” ya miƙe ya ba mu baya. Tsofaffi suka shiga kallon sama. Ni ma na sunkuyar da kai ina kallo ta wutsiyar ido, ji nake kamar ni ne a tsugune.

Bai taɓa tsinken ba. Na yi hamdala a raina. Ya zauna yana kallonsa yana kaɗa ƙafa har Alhaji ya dawo ya tsuguna. Sai yaron nan ya ce, murya a sake kamar yana magana da sa'ansa, “Alhaji, wannan ta ɓaci. Mu sake.” Ya sa tafin hannu ya shafe ramukan gaba ɗaya. Tsakuwoyin tsohon maigidana, waɗanda Alhaji ya gada da jakarsu, suka watse cikin ɓawon albasa.

Ba'a ma ba a yi masa ba, don ba a san wadda ta dace ba. Ɓarawon tsinke mun san shi. Mai zuciyar da ke tashi cikin fushi mun san shi. Wannan ba sata ya yi ba, ba fushi ya yi ba. Har ya fara haƙa sababbin ramuka yana murmushi, yana jiran a dasa.

Alhaji ya tsince tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya yana hure musu ƙasa. Ya ce, “Ɗana, in kamyo ya kihe maka da albasa bayan Kandi, rana tsaka, mi za ka shahe?”

“Alhaji, ai wasa ne.”

“Wasa ne,” in ji Alhaji. Ya ɗaure bakin jakar, ya dube ni ya ce, “Yaya, a gaida gida.”

A hanya yaron ya yi ta tambayata laifin da ya yi. Ya ce ai bai ɓoye ba, a gaban kowa ya yi, kuma da an sake da ya ci. Na buɗe baki da Hausa na rasa ta inda zan fara, na gwada da Dandanci ban samu ba. Duk harsunan da ke bakina, babu wanda yaron nan zai ji wannan magana da shi.

Bayan damina ciwon ƙafa ya kwantar da Alhaji, ɗansa ya karɓi rumfa. Na je dubiya, Alhaji ya ce mini tun kafin jikana ya zaunar da samari da yawa; wasu sun matsar da tsinke, wasu salularsu ta yi ƙara sun tashi sun bar shi a tsugune, ya gaji. Ɗan nasa kuwa bai ga amfanin abin ba. Ya sa an liƙa wa kowace mota wani ɗan ƙarfe da ke nuna inda take a cikin salula. Direba ya tsaya shan shayi a Kandi, ana ganinsa daga nan. Ba a bukatar mai rakiya, mai kallon allo ake bukata. Ya tambaya wa ya fi iya irin wannan a unguwa, aka ce jikana.

Don haka ya sami aiki a rumfar, kuma ana yaba shi. Wata na farko ya kawo wa kakarsa turmin atamfa, ya ce mini, “Tsoho, ka ga ba sai da tsinke ba.” Gaskiya kuwa ya faɗa. Yana zaune a kujerar roba daga safe har la'asar, fanka na kaɗa shi, yana kallon wani jan ɗigo na gangarawa daga Kandi zuwa Paraku zuwa bakin teku. Ya san sunan kowane gari a hanyar. Bai taɓa wuce shingen jandarma na bakin gari ba, bai taɓa jin warin albasar da ta fara ruwa a bayan mota ba, ba wanda ya taɓa zaginsa da Fon ya riƙe.

Gefen rumfar da muke haƙa ramuka an zuba masa siminti don kada buhu ya sha danshi. Na bi ta wurin jiya, na dandanna da sandata, babu inda tsinke zai shiga. Alhaji ya aiko mini da jakar tsakuwar, tana rataye a ɗakina. A garin nan an daina juya wa yaro baya don a san ko wane ne shi, kuma ba za a sake ba.